Takardar Koke Kan Gyaran Ɗakin Haihuwa da Gwajin Filasta Mai Adana Zafi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ta hannun Mai Unguwarmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu dattawa da iyaye mata da magina na wannan unguwa muna gabatar da kokenmu game da ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin da matanmu ke zuwa, wanda muke roƙon a gyara shi tare da gwada wani sabon kayan gini a cikinsa.

Rufin ɗakin na kwano ne, silin ɗinsa kuma ya zazzago ta kusurwa biyu. Da azahar a watan Maris, kwanon kan ɗauki zafi har mai naƙuda ta riƙa neman a yi mata fifita da kwali, amma kafin asuba a cikin hunturu ɗakin nan ya zama tamkar randa. Kowa ya san garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a daren Disamba da Janairu sanyi kan sauko kusa da digiri 10. Mun sha ganin kaka ta shigo da kaskon gawayi a ɓoye cikin mayafi don ta ɗumama jikanta da aka haifa cikin dare, ungozoma ta kore ta da shi saboda hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa. Ba mu ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Na'urar ɗumama ɗaki sai da wuta take aiki, wutar kuwa ba ta da tabbas.

'Ya'yanmu da suka karanci aikin injiniya sun yi mana bayanin wani kayan gini da ke kama zafin rana ya ajiye, ya sake shi da dare, ba tare da lantarki ko mai ba. Asalin hikimar ba baƙuwa ba ce ga duk matar da ta taɓa tarar da man ja ya daskare a kwalba da safen hunturu, da rana ta ɗaga ya narke. Duk abin da ke narkewa yana shan zafi mai yawa ba tare da shi kansa ya ƙara zafi ba, idan ya zo daskarewa kuma sai ya mayar da zafin nan ga abin da ke kewaye da shi. Kilo ɗaya na kakin farafin, ɗan'uwan wanda ake yin kyandir da shi, yana shanye zafin da ya isa ya ɗaga na lita ɗaya ta ruwa da kusan digiri 48 kafin ya gama narkewa. Ana iya zaɓar irin kakin da ke narkewa a digiri 23 ko 26, wato daidai inda jikin mutum ke jin daɗin zama.

Matsalar da ta daɗe tana hana amfani da wannan hikima ita ce, narkakken abu ba ya zama wuri ɗaya. A shekarar 1948 masaniya Maria Telkes ta ɗumama wani gida a garin Dover na jihar Masachusets a Amurka da wani gishiri da ke narkewa a digiri 32, wanda aka ɗura a manyan gwangwanaye. Gidan ya yi ɗumi na 'yan shekaru, daga baya gishirin ya rabu da ruwansa, gwangwanayen suka yi tsatsa suka fara yoyo. Maganin da aka samo shi ne a farfasa kakin ya zama ɗigo-ɗigo, a lulluɓe kowane ɗigo da ɓawon roba mai tauri. Ƙwayoyin ba su kai kaurin gashin kai ba, a ido kamar garin fulawa suke, don haka ana cuɗa su da filasta ko jifsam ɗin da ake yin allon silin. Kakin yana narkewa yana daskarewa a cikin ɓawonsa, bango kuma yana nan a bushe, ko an buga masa ƙusa. Kamfanin BASF na Jamus, tare da cibiyar binciken hasken rana ta Fraunhofer da ke Firaibog, ya fitar da irinsa mai suna Micronal, kuma a lissafin kamfanin allon jifsam mai kaurin santimita 1.5 yana riƙe zafi kamar kankare mai santimita 9.

Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne, kakin ba ya amfani sai ya samu sanyin dare da zai daskarar da shi kafin gari ya waye. A garin da dare ke kwana da zafi, sai ya zauna a narke, a yi asarar kuɗi. Wannan sharaɗi kuwa Allah Ya hore wa Jos shi kyauta.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye aibinsa ba. Yana da tsada, daga waje ake shigo da shi, farafin kuma abu ne mai cin wuta, saboda haka dole a nemi wanda aka gwada juriyarsa ga gobara. Ba ya ƙirƙirar zafi, wanda ya tara da rana kawai yake bayarwa, kuma idan taga a fashe take ko silin a ɓule, iska za ta kwashe ɗumin tun kafin tsakar dare. Haka nan a kasuwar kayan gini ba a rasa mai sayar da farin gari ya raɗa masa sunan da ya ga dama.

Saboda haka roƙonmu na farko shi ne a gyara silin da tagogi da ƙofar ɗakin, domin wannan wajibi ne ko da ba a yi komai bayansa ba. Bayan haka muna roƙon a shafe ɗakin haihuwa kaɗai da wannan filasta, a bar ɗakin da ke maƙwabtaka da shi da filastar da aka saba, a rataya ma'aunin zafi a kowanne, ma'aikatan jinya su riƙa rubuta abin da ya nuna da azahar da kuma asuba har tsawon shekara guda, ta yadda hunturu da bazara da damina duk za su shiga lissafi. Muna kuma roƙon ofishinka ya rubuta wa Jami'ar Jos da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya da ke Abuja, su tantance kayan kafin a biya kuɗinsa, su kuma duba ko kitsen man ja ko na kaɗanya zai iya maye gurbin farafin nan gaba. Idan alƙaluma suka nuna babu bambanci, mu da kanmu za mu ce a tsaya nan.

A namu ɓangaren, maginan unguwa sun yi alkawarin yin aikin shafe kyauta, matasa kuma za su ɗauki nauyin yashi da ruwa. Muna fatan Mai Girma zai turo injiniyan sashen ayyuka ya ga ɗakin da idonsa kafin hunturu mai zuwa ya kama.

Allah Ya ja zamaninka.

Mu ne naka masu biyayya,
Mai Unguwa, Limamin Unguwa, Faston Unguwa, Shugabar Mata da Wakilin Magina, a madadin al'ummar unguwa.