Takardar Koke Kan Ceto Tsofaffin Faifai da Kaset-Kaset na Ƙasar Sakkwato

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar III,
ta hannun Mai Girma Wazirin Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu talakawanka ne: tsofaffin masu sayar da kaset, masu gyaran rediyo, jikokin makaɗa, da malamai da ɗaliban Hausa. Kukanmu a kan muryoyin magabata ne da ke cikin faifan garmaho da kaset, waɗanda suke lalacewa a ɗakunanmu muna ji muna gani.

Ranka ya daɗe, Sakkwato ba ta yi wasa da rubutu ba. Littattafan Shehu da na Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello, da waƙoƙin Nana Asma'u, suna nan domin an yi ta kwafarsu hannu da hannu fiye da shekara 200. Murya ce ba ta samu wannan gatan ba. Taushin da Salihu Jankiɗi ya yi wa mahaifinka, Sarkin Musulmi Abubakar III, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, da kotson Narambaɗa da na Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, da kalangun Ɗan Anace a filin dambe, da tafsirin azumi na malaman da suka riga mu gidan gaskiya, duk a zaren kaset aka ɗauke su ko a faifai.

Shi kuwa zaren kaset siririyar leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu. Zafin bazararmu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga danshin damina. Zaren yakan manne, ya yi hunhuna, in an sa shi a rediyo garin ya kankare a kan hedi, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Faifan garmaho kuma ya faɗi sau ɗaya ya dare kamar kasko. Masu gyara a cikinmu sun shaida cewa bel da hedi sun yi wuyar samu, sai a farke rediyo biyu kafin a tada ɗaya. Tun 2019 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi gargaɗin cewa na'urorin kunna irin wannan zare suna dab da ƙarewa a duniya.

Wasu za su ce ai waƙoƙin suna cikin waya. Abin da ke yawo a memori kwafin kwafi ne, an yanke kai an yanke gindi, ba shekara, ba sunan 'yan amshi, wani lokaci ma a liƙa wa waƙar sunan makaɗin da ba shi ya yi ta ba. Wannan yana ƙona mana rai.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da masu unguwanni su yi shela, duk mai tsohon faifai ko kaset ya kawo aro, a kwafa a kwamfuta da cikakken sauti, a mayar masa da abinsa. In ba da bakin fada ba, mutane ba za su saki kayan gado ba. Muna kuma roƙon Sarki ya sa baki a ware ɗaki mai sanyi a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, a haɗa hannu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da gidan Rediyon Rima, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A zaunar da dattawan da suka ga zamanin su saurara, su faɗi wane ne ke waƙa, wa ake yi wa, a wane buki. Iyalan makaɗan kuma a nemi yardarsu, a kiyaye haƙƙinsu.

Rediyoyinmu da ke aiki, tare da kaset ɗin da ke hannunmu, mun ba da su domin wannan aiki, ranar da fada ta kira mu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne masu biyayya,
talakawanka na birnin Sakkwato da kewaye.