A daina jingina wa aljanu mutuwar masu gadin fitilar Flannan

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na makon jiya kan masu gadi uku na fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, waɗanda suka ɓace a tsibirin Flannan, kuma har yau abin bai bar raina ba. Mai gabatarwa ya cika labarin da aljanun ruwa, har da wani littafin aiki da wai ɗayansu ya rubuta cewa abokinsa na ta kuka. Wannan magana ba ta cikin rahoton hukuma, daga baya masu neman kasuwa suka ƙara mata gishiri. Ni da na yi shekaru ina aikin dare, sai na ji kamar an ci da haƙƙin 'yan uwana.

Ku fara gaya wa mutane yadda wurin yake. Flannan wasu ƙananan tsibirai ne a tekun Atlantika, kimanin kilomita 32 yamma da tsibirin Lewis a ƙasar Sikotland. Mafi girmansu, Eilean Mòr, dutse ne tsaye, babu bishiya, babu mazauna, sai tsuntsaye da kangon wani ɗan ɗakin ibada na zamanin da. A kansa hukumar da ke kula da fitilun gaɓar Sikotland ta gina hasumiya mai tsawon mita 23, bisa zanen injiniya David Alan Stevenson, aka kunna fitilarta ranar 7 ga Disamba, 1899. Saboda tudun dutsen, hasken yana sama da ruwa da kusan mita 100. Matsayar jirgi biyu aka yi, gabas da yamma, don in iska ta hana wannan a gwada waccan, aka kuma shimfiɗa ɗan layin dogo da ake jawo mai da abinci zuwa sama. Iyalan masu gadin kuwa suna can Breasclete, a Lewis.

Shekara ɗaya kacal da kunna fitilar, daren 15 ga Disamba, 1900, wani jirgi mai suna Archtor ya wuce bai ga haske ba. Jirgin da ke kai canjin ma'aikata, Hesperus, bai samu isa ba sai ranar 26 saboda haukar teku. Joseph Moore, wanda zai karɓi aiki, shi ya hau shi kaɗai. Ya tarar da ƙofa a rufe, agogo ya tsaya, murhu ya huce. Abin da ya fi taɓa ni shi ne an goge fitilun tas, an cika su da mai, suna jiran magariba. Rigar ruwa ɗaya tana nan ba a ɗauka ba, alamar mutum guda ya fita a guje, alhali doka ta ce kada a bar hasumiya babu kowa. Me zai sa ma'aikaci mai tsantseni irin wannan ya karya doka, ya fita cikin sanyin Disamba ba riga, in ba ya hango 'yan uwansa cikin haɗari ba?

Matsayar yamma ce ta ba da amsa. Ruwa ya lanƙwasa ƙarafan dogarawa, ya gusar da wani dutse da ya haura tan ɗaya, ya fasa akwatin igiyoyi da ke ajiye mita 33 sama da teku. Shugabansu Robert Muirhead, wanda ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya bincika ya ce sun sauka ne don ɗaure kayan aiki, igiyar ruwa ta kwashe su. Ba a taɓa ganin gawarsu ba.

Hasumiyar tana nan tana aiki, tana walƙiya sau biyu kowane daƙiƙa 30. Tun 1971 ba mai kwana a ciki, na'ura ce ke kunna ta.

Roƙona, Malam Edita, ku sake waiwayar labarin a shiri na gaba, ku kuma ambaci sunayen da aka tsallake a wancan: James Ducat, Thomas Marshall da Donald McArthur. Biyu daga cikinsu sun bar mata da 'ya'ya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku a kullum,
daga Zariya