Abba, kafin ka danna bashin nan na waya

Assalamu alaikum Abba, ya aiki ya Abujan, da fatan kana lafiya. Mamanka ce ta tsegunta min wai kana son cin bashi a irin manhajojin nan na waya ka cika ka sayi babur saboda kuɗin mota ya ishe ka, shi ne na ce gara in rubuto maka, tunda in na kira sai dai "to Baba, to Baba" ka kashe.

Ni ban ce kar ka ci bashi ba, bashi hanji ne yana cikin kowa, ni kaina da bashi na yi rufin gidan nan. Amma ɗauko biro da takarda tukuna. An ce maka kashi 10 a wata ko? Kunne in ya ji goma sai ya raina. To a ce dubu 200 ka karɓa na wata shida, duk wata ruwan dubu 20, wata shida dubu 120, ka ga dubu 320 za ka amayar kenan, kuma da yawansu tun kafin alat ya shigo sun zabtare wani abu da sunan kuɗin fom ko inshora, sai ka ga kana biyan ruwan kuɗin da ko ƙyallinsa ba ka gani ba. Goma a wata fa 120 ne a shekara. Ka yi lattin kwana biyu kuma tara ta hau. Saboda haka abu biyu za ka tambaye su, nawa zai shigo akawun ɗina, nawa zan biya jimilla in na gama. Wancan "dubu kaza kacal a wata" da suke rubutawa da manyan baƙaƙe talla ce kawai.

Kuma yanzu ba da ba ne da mutum zai ci bashi ya sauya gari. BVN ɗinka na bin ka, tun 2020 CBN ta ba bankuna damar su cire bashinsu daga duk wani akawun da ke jikin BVN ɗin mutum, sannan sunanka ya shiga rajistar marasa biya, ranar da za ka nemi na kirki a hana ka. Su kuma 'yan manhajar da ka danna "na yarda" wasunsu sun kwashe lambobin wayarka gaba ɗaya. Wallahi ni nan saƙo ya taɓa shigo min a kan yaron maƙocinmu ana ce masa ɓarawo, kan dubu 15, ubansa sati guda bai zauna a majalisa ba. Irin wannan cin mutuncin ne ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta far musu a 2022, amma har yau ba su ƙare ba.

Maganar haramcin kuɗin ruwa kuwa ba sai na karanta maka ba, ka yi Islamiyya. In dole sai babur ɗin, leƙa bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJ ka ji tsarin murabaha, su za su saya su sayar maka da riba sananniya tun farko, su ma ɗin ka tambayi jimilla don ba lallai ya zo da araha ba. Ko ka shiga adashin ofis ka roƙi kwasar farko.

Ka ɗauko min hoton shafin da suka rubuta sharuɗɗan, ƙananan rubutun nan na ƙasa nake so, mu duba tare ranar Juma'a bayan masallaci. Mamanka na gaishe ka, ta ce yajin da ta aiko ya iso kuwa?

Babanka