Wasiƙar Godiya Ga Ƙungiyar Jagororin Tsaunuka Ta Shamoni

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Compagnie des Guides de Chamonix, ƙasar Faransa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Bayan haka, na rubuto wannan takarda ne a bainar jama'a domin in gode muku bisa yadda ofishinku ya kula da ni da abokan tafiyata a hunturun da ya wuce, lokacin da muka nemi jagoran da zai sauko da mu ta Vallée Blanche, doguwar hanyar kogin ƙanƙara da ke gangarowa daga tsaunukan da ke saman garin Shamoni, a kan allunan zamiya. Na yi ta da Hausa ne saboda 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Liyon da Girenobul da Janeba, waɗanda wasunsu suka fara sha'awar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, su san ƙofar da ya kamata su ƙwanƙwasa kafin su doshi tsauni.

Motar igiya (wato motar da ke tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe) ta dutsen Aiguille du Midi, wadda aka buɗe a shekarar 1955, tana ɗaukar mutum daga garin Shamoni mai tsayin mita 1,035 daga teku, ta kai shi dab da ƙololuwar dutsen mai mita 3,842 cikin minti 20 ko makamancin haka. Wannan sauƙin shi ne ya fi ba ni tsoro, domin wanda ya karya kumallo a gari sai ya tsinci kansa, ko gumi bai yi ba, a wurin da a da sai gwanayen hawan dutse ke iya takawa. Daga can kuwa babu hanyar da aka share, babu tuta, babu mai sintiri, sai tafiyar kusan kilomita 20 a kan kogin ƙanƙara mai cike da tsaga. Tikitin motar igiya kowa yana iya saye, amma sanin inda za a sa ƙafa bayan an sauka, wannan a hannunku yake.

Godiyata ta farko ga matar da ta karɓe mu a ofis take. Kafin ta yi maganar kuɗi sai da ta tambayi kowannenmu irin gangaren da ya saba bi, da ko ya taɓa zamiya a dusar da injin bai daddale ba, da ko yana iya tsayawa cak a duk inda aka ce ya tsaya. Da ta ji amsar ɗaya daga cikinmu, sai ta gaya masa cikin ladabi cewa lokacinsa bai yi ba tukuna, ta ba shi shawarar ya ƙara samun horo a gangaren da ke ƙasa. Ranar da muka tsayar kuma ta zo da iska mai ƙarfi bayan an kwana ana zubar dusa, hukumar yanayi ta Faransa ta sa haɗarin zaftarewar dusa a mataki na 4 cikin 5, sai jagoranmu ya kira mu tun da dare ya ce a ɗage tafiyar. Ranmu bai so ba, amma mun gane cewa mutanen da za su iya barin ciniki domin tsare ran baƙo sun cancanci a amince musu.

Da ranar ta zo, tun a bakin ramin da ake fita daga tashar motar igiya ta saman dutsen ya duba ɗamarar kowa da hannunsa, ya ja ƙullin igiya ya tabbatar, sannan ya sa muka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya yana gwada na'urar da ake gano wanda dusa ta binne. Muka sauko ta siririn doron nan da ke gangarowa daga tashar a ɗaure da juna, allunanmu a goye, garin Shamoni yana can ƙasa ta hagunmu da nisan da ya kai mita 2,800. Yana bayanmu riƙe da igiya, yana faɗa mana inda za mu taka cikin murya mai sanyi, har muka isa fili.

Inda na fi ganin gwanintarsa shi ne wajen ratsa kogin ƙanƙarar Géant. Ya bayyana mana cewa ƙanƙarar da muke kai tafiya take yi a hankali, kuma duk inda ta hau kan tudun dutse sai ta tsage, dusa ta zo ta rufe tsagar, ta zama kamar tsohuwar rijiyar da yayi ya rufe bakinta. Saboda haka ya kafa mana doka cewa mu bi sawunsa, mu bar tazara tsakaninmu, kada kowa ya wuce gabansa, kuma kada kowa ya cire allunansa, domin su ne ke baza nauyin mutum a kan dusar da ta rufe rami. A wani wuri ya tsaya ya nuna mana wani ɗan lotsawa a saman dusar, wanda ni ban ga bambancinsa da sauran wurin ba, ya caka sandarsa sai ta shige har mariƙi. A ƙarƙashin manyan curarrun ƙanƙara masu iya rikitowa kuwa bai yarda ko hoto mu tsaya ɗauka ba, sai da muka kai masaukin Requin muka huta.

Wannan taka-tsantsan gado ne a wurinku. An kafa ƙungiyarku a 1821, shekara guda bayan dusa ta zaftare ta hallaka jagorori uku a kan tsaunin Mont Blanc, waɗanda sai a 1861 kogin ƙanƙarar Bossons ya fito da gawarwakinsu a ƙasa. Na kuma ji daɗin sanin cewa har yau kuna riƙe da asusun tallafa wa jagororin da suka ji rauni da iyalan waɗanda suka rasu, wanda bikinku na ranar 15 ga Agusta ke tara wa kuɗi.

A ƙarshen tafiyar, a kan kogin ƙanƙarar Mer de Glace, jagoran ya nuna mana a jikin dutse inda ƙanƙara take kaiwa lokacin da ya fara aiki, yanzu kuwa ta yi ƙasa sosai, har sai da aka kafa sabuwar motar igiya a 2024 don kai mutane tashar jirgin ƙasa ta Montenvers. Ya ce hanyar tana sauyawa kowace shekara, shi ya sa jagorori ke sanar da juna kullum abin da suka gani a sama.

Ina roƙon ku isar da gaisuwata ta musamman ga jagoran namu da kuma ma'aikatan ofis. Abokin namu da aka dakatar yana nan yana horo, kuma ya ce in Allah ya kai mu hunturu mai zuwa wurinku zai zo. Allah ya tsare ku a kan aikinku, ya riƙa maido ku ga iyalanku lafiya.

Naku da girmamawa,
Wani ɗan Damagaram mazaunin Girenobul.