Amsa ga Hajiyar da aka tsallake a layin asibiti

Assalamu alaikum Hajiya.

Na ga tambayar da kika yi mini a Facebook. Kin ce kin kai jikanki asibiti tun bayan asuba, da katinki a hannu, sai ga wata ta zo da hantsi an wuce da ɗanta ciki. Kika ce, "Sista, ko sai da sanayya ne?"

Masu yin sanayya suna nan, ba zan ɓoye miki ba, kuma ba daidai suke yi ba. Amma sashen gaggawa ba layin famfo ba ne, ba a bin wanda ya riga zuwa. Wanda jira zai iya kashewa shi ake fara ɗauka. Tun zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon wani likitan sojan Faransa, Larrey, ya kafa wannan ƙa'ida: a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ko kurtu ne ko hafsa.

A ɓangaren yara muna bin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan na bi benci ina leƙa bayan uwaye, ba gaisuwa kawai nake yi ba. Ina kallon haƙarƙari ko yana lotsawa, ina taɓa hannu ko ya yi sanyi, in danne farce in saki. Idan jini bai dawo ba cikin daƙiƙa 3, ba zan tsaya tambayar kati ba. Haka yaron da ke jijjiga, ko wanda gudawa ta zuƙe har idonsa ya faɗa. Da damina kuwa, lokacin zazzaɓin cizon sauro, sai na buɗe tafin hannu, don wani za ki tarar ya yi fari fat, jininsa ya ƙare.

Abin da ke ɓata wa iyaye rai na sani: naki yana tsala kuka, nata shiru, amma nata aka ɗauka. Hajiya, mai kuka yana da sauran ƙarfi. Shirun nan shi yake tsorata mu, ga gado da tukunyar oksijin ba sa isar kowa.

Inda nake ganin laifinmu shi ne mukan wuce ba tare da mun yi muku bayani ba. Kuma yaron da na duba da safe yana iya rikicewa kafin azahar. Idan kina zaune kika ga ya ƙi shan komai, ko numfashinsa ya sauya, ko kin tashe shi bai tashi ba, kada ki ji kunya. Ki ɗauko shi ki same ni, ko ina tare da wani ne.

Allah Ya ba jikanki lafiya.

'Yarki, ma'aikaciyar jinya a Kano