Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Ɗaliban Aikin Jarida da na Ilimin Zamantakewa a Kaduna

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ga dukkan mambobi, Musulminmu da Kiristanmu, waɗanda ke aji har yanzu da waɗanda suka kammala suka tafi bautar ƙasa. Gaisuwar girma kuma ga iyayenmu malamai da ba su gaji da ba mu shawara ba. A madadin kwamitin zartarwa, ni sakatarenku nake gabatar da wannan rahoto. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta nasa daban ranar babban taro.

Da muka karɓi ragama, mun tarar da ƙungiya ɗaya ce a takarda, amma a zaure gida biyu ce. 'Yan maskom, wato ɗaliban aikin jarida, na zama gefe guda, 'yan soshiyoloji, wato ɗaliban ilimin zamantakewa, na gefe guda. Waɗannan na ganin waɗancan masu gaggawa ne, a ji magana da safe a watsa ta kafin azahar. Waɗancan kuma na ganin waɗannan za su shekara suna bincike, a ƙarshe a ɗaure furojet a ajiye a kanta ƙura ta rufe shi. Kowane ɓangare yana da 'yar gaskiyarsa. Saboda haka a zamanmu na farko muka yanke shawara guda, kuma a kanta duk ayyukan bana suka tsaya: babu aikin da za a fita da sunan ƙungiya sai an haɗa ɗalibin jarida da ɗalibin zamantakewa a cikinsa.

Akwai dalilin da ya ƙara mana ƙaimi. Tun 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba karatun maskom zuwa fannoni bakwai, kamar aikin jarida, watsa shirye-shirye, talla, hulɗa da jama'a da harkar fim. Rabon yana da amfani, don mutum zai ƙware a abu guda. Tsoronmu shi ne ɗalibi ya fito ya iya riƙe kyamara da tace murya, amma bai san mutanen da ya nufa da kyamarar ba.

Zaman karatu na wata-wata

Mun riƙa zama ranar Asabar sau ɗaya a wata, ban da lokacin jarrabawa da watan azumi. Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai, kuma na ga ya taɓa mambobi da dama, shi ne zaman da muka yi kan rikicin watan Nuwamba na 2002.

'Yan jarida ne suka fara. Suka kawo yadda abin ya faru: ana shirin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, wata jaridar Turanci da ake bugawa a Legas ta fitar da sharhi mai kalaman da suka taɓa martabar Annabi (SAW), cikin 'yan kwanaki Kaduna ta kama da wuta, fiye da mutum 200 suka rasa rayukansu, gasar kuma aka mayar da ita Landan. Tambayarsu ita ce ta ɗakin labarai: ina edita yake, idanu nawa suka bi ta kan shafin kafin ya tafi maɗaba'a, me ya sa ba wanda ya ga haɗarin?

Sai wata 'yar'uwa daga sashen zamantakewa ta miƙe ta ce jaridar ai ta shiga garuruwa da yawa, me ya sa a Kaduna ne jini ya fi zuba? Daga nan zaman ya juya. Aka koma kan rikicin Shari'a na Fabrairun 2000 da miki bai warke ba. Aka tuna cewa a watan Agustan 2002, wata uku kacal kafin abin, shugabannin Musulmi da na Kirista sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, amma ba ta gangara cikin lunguna ba tukuna. Aka kawo batun masaƙun Kakuri da suka fara durƙushewa, matasa suka cika gari ba aikin yi, da yadda mutane suka riga suka fara ƙaura, Musulmi na komawa arewacin kogin Kaduna, Kirista na komawa kudanci, har maƙwabcin da zai ce “wannan ɗan gidan wane ne, ku bar shi” ya yi ƙaranci. Ashana ce jaridar ta ƙyasta, amma ciyawar ta daɗe da bushewa. Galibinmu ba a haife mu ba a lokacin, amma da aka buɗe fili, kusan kowa yana da labarin gidan da iyayensa suka bari a wata unguwa. Ranar ba wanda ya duba agogo.

Aikin tsallaka kogi

Babban aikinmu na bana shi ne binciken inda mutanen gari ke samun labari da kuma wanda suke yarda da shi. Mun zaɓi Tudun Wada da Rigasa a arewacin kogi, Kakuri da Sabon Tasha a kudanci. Kowace tawaga ta je unguwar da ba tata ba, da gangan. Akwai mambobin da a nan aka haife su, amma sai bana suka fara zama a bencin mai shayi a tsallaken gada.

Ko'ina sai da muka fara gaida mai unguwa muka faɗi abin da ya kawo mu. A gidajen da maza ba sa shiga, 'yan'uwanmu mata ne suka ɗauki nauyin, kuma hirarrakin da suka kawo sun fi na kowa zurfi. Ina jinjina musu ƙwarai. Ba don su ba, da rabin garin ba mu ji muryarsa ba.

Abin da muka ji a taƙaice: rediyo na nan daram wajen dattawa, teloli, masu shayi da matan gida. Matasa kuwa sun koma waya, Facebook da TikTok, sai kuma saƙon murya na WhatsApp da ya shige wa kowa gaba. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda ake auna gaskiyar saƙo. Ba a cika tambayar inda ya samo asali ba, wanda ya turo ake dubawa. In yayanka ne ko malaminka ko wani daga cocinku, an gama, gaskiya ne. Ɗalibin jarida shi kaɗai zai ce a koya wa mutane tantance labari. Abokin aikinsa ne ya nuna masa cewa ƙaryata saƙon tamkar ƙaryata wanda ya turo ne, mutum kuwa ba zai so ya kunyata yayansa a zauren dangi ba. Duk gyaran da bai yi la'akari da wannan ba, ba zai je ko'ina ba.

An sami saɓani guda da ya kamata ya shiga rahoto. A Kakuri wata tawaga ta yi hira da wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa. Ya ba su labari tun daga zamanin da ya ji a bakin magabatansa, lokacin da aka buɗe masaƙar farko a 1957, zuwa shekarun da jiniya ke tashin unguwa don canjin aiki, har zuwa 2007 da babbar masaƙar da ta rage ta rufe ƙofa. Ɗalibin jarida ya ga labarin da ya cancanci suna da hoto. Abokiyar aikinsa ta ce ai tun farko an yi wa Baba alkawarin ba za a ambaci sunansa ba. Maganar ta zo gaban kwamiti da zafinta. Muka ce a koma a sake neman izininsa, a bayyana masa bambancin bincike da labarin da za a watsa. Ya amince a yi amfani da muryarsa, ya ce fuskarsa a bar masa saboda 'ya'yansa. Haka aka yi. Daga nan muka mai da shi ƙa'ida: izinin bincike daban, izinin watsawa daban, kowanne sai an nema.

Ziyara da horo

Mun kai ziyara Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello da yanzu yake cibiyar binciken tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Bayan mun dawo, ɗaya daga cikin malamanmu ya kawo mana kwafin wasu tsofaffin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. 'Yan jarida suka tsaya kan Hausar da tsarin shafi, 'yan zamantakewa suka kama wasiƙun masu karatu ba su saki ba, don a nan ake jin abin da ke damun mutanen wancan zamani da bakinsu. Ya kamata mu riƙa tunawa a garin da muke karatu: a nan gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa ya fara aiki a 1962, a nan aka fara buga jaridar New Nigerian a 1966.

Wajen horo, mun yi zama kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikatar gwamnati kwana 7 ta amsa buƙata. Don gwaji, muka rubuta wa wani ofishi takarda kan kwashe shara a unguwannin da muka yi aiki. Har na zauna rubuta wannan rahoto ba amsa. Mun ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sabon kwamiti ya bi sawu. Wani lauya kuma ya yi mana bayanin dokar laifukan intanet ta 2015 da gyaran da aka yi mata a 2024, musamman sashe na 24 da aka sha kama masu rubutu da shi.

Inda muka gaza

Shirin rediyon da muka yi muku alkawari bai tashi ba. Wata tasha ta ce za ta ba mu rabin awa, daga baya aka nemi kuɗin fili da ya fi ƙarfinmu. Laifinmu a ciki shi ne mun dogara da maganar baki, ba mu nemi a rubuta ba. Hirarrakin suna nan a ajiye, kuma shawarata ita ce a tace su a fitar ta waya, tunda can jama'ar suke.

Wanda ya fi damuna shi ne na biyu. Duk zamanmu na wata-wata a arewacin gari muka yi shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya yi tsada, mai zuwa daga Sabon Tasha ko Narayi sai ya hau mota biyu ko uku. Sannu a hankali kujerunsu suka zama babu kowa, mu kuma ba mu farga da wuri ba. Mun yi shekara muna nazarin yadda kogi ya raba gari, ashe ya fara raba ƙungiyarmu. Ina ba wa waɗannan 'yan'uwa haƙuri a madadin kwamiti.

Ƙamus ɗin kalmomin fannonin biyu da Hausa, wanda muka fara saboda wahalar da muka sha wajen fassara takardar tambayoyi, bai wuce 'yan shafuka ba. Kuɗin wata ma da yawa ba su biya ba, ma'aji zai yi bayani.

Abin da ke gaba

Kwamiti zai kawo shawarwari uku gaban babban taro don ku amince ko ku gyara: a riƙa karɓa-karɓar wurin zama, wata guda a arewa wata guda a kudu, a ware wani abu daga asusu don kuɗin motar masu zuwa daga nesa, a kuma rubuta ƙa'idar izini biyu cikin kundin tsarin ƙungiya. A ranar ne za a yi zaɓen sababbin shugabanni, mai sha'awar tsayawa ya karɓi fom wajen mataimakiyar sakatare. Tawagogin da har yanzu ba su miƙa rubutacciyar hirarsu ba, musamman na Rigasa, don Allah ku zo da ita ranar, tare da rekodar ƙungiya guda biyu da ke hannunku.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa