Wasiƙa zuwa ga 'yata kan tiyatar gyaran ciki

'Yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yaran. Saƙonki ya iso, sau uku na karanta shi. Na lura sai da kika gama kewaye-kewaye har layin ƙarshe kafin kika fito da abin da ke ranki, cewa kina so a yi miki tiyata a cire fatar cikin da ta saki bayan haihuwa uku. Kin zaci faɗa zan yi. Ba zan yi ba. Ke ba yarinya ba ce. Amma shekara 26 na yi ina miƙa wa likitoci almakashi a ɗakin tiyata, saboda haka ki yi haƙuri, sai kin saurare ni.

Wanda ƙari ya kai shi gadon tiyata, cuta ce ta tilasta masa, ko an samu tangarɗa gara ita da abin da ya zo da shi. Ke kuwa da ƙafarki za ki shiga, lafiyarki ƙalau. Duk abin da ya lalace a wurin, daga cikin lafiyar nan za a cire shi. Wuƙar ɗaya ce, allurar barcin ɗaya ce, jinin da zai zuba ɗaya ne. Sunan kwalliya da aka laƙaba wa aikin bai rage masa komai ba. Ko kalmar filastik ɗin ma tana ruɗin mutane, suna zaton roba ake cusawa, alhali daga Girkanci take, ma'anarta mulmula abu a ba shi siffa. Kuma ba don ado fannin ya kafu ba. Harold Gillies, wanda ake ɗauka uban wannan aiki a zamanin nan, fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza a Yaƙin Duniya na Ɗaya yake sake ginawa, a asibitin da aka buɗe a Sidcup ta Ingila a 1917.

Ga abin da za a yi miki, tunda hotunan da kike gani a Instagram ba sa nuna shi. Za a yanke ki daga wannan ƙugu zuwa wancan, can ƙasan mara. A ɗaga fatar har kusan haƙarƙari, a ɗinke tsokar cikin da juna biyu ya raba, a ja fatar ƙasa a yanke rarar, sannan a huda wa cibiyarki sabuwar ƙofa. Sau da yawa za ki farka da siraran robobi a jikinki suna zubar da ruwa-ruwan jini cikin 'yar kwalba, kwanaki kina yawo da su. Mako guda ko fiye a sunkuye za ki riƙa tafiya kamar tsohuwa, don fatar a ɗame take. Tari ko atishawa, sai kin danne cikin da matashin kai. Ɗamarar matse ciki kusan mako shida, kuma a tsawon nan ba ɗaukar nauyi. Autarki da ba ta san komai ba sai "ɗauke ni", wa zai yi mata bayani? Ki fara tunanin wannan tun yanzu. Ƙasan cibiya kuma zai mutu, ki taɓa ki ji kamar jikin wani, watanni kafin ya dawo, wani lokaci ba ya dawowa duka.

Tabon ba ya tafiya. Dusashewa yake yi a hankali, shekara ɗaya ko fiye, amma yana nan har abada. A nan ne hankalina ya fi tashi a kanki. Ki kai hannu bayan kunnenki na hagu, inda aka yi miki huji na biyu. Wannan ɗan tudun mai tauri da ya riƙa yi miki ƙaiƙayi, shi likitoci ke kira kiloyid, tabon da ke ci gaba da tsiro har ya wuce iyakar raunin. Ya fi kama masu duhun fata, yana kuma bin jini. Ni ma ina da shi a kafaɗa, kin sani. Idan hujin allura ya yi haka, yankan da ya kai daga ƙugu zuwa ƙugu fa? Ki nuna wa likitan kunnen nan da kanki, kada ki jira ya tambaya. Yadda zai amsa miki zai gaya miki ko wane iri ne.

Abin da ya fi kisa a wannan aikin ba yankan ba ne, gudan jini ne. Jini ya daskare a jijiyar ƙafa saboda kwanciya, ya ɓalle ya tafi huhu ya toshe. Gyaran ciki yana cikin ayyukan kwalliya da suka fi haddasa shi. Shi ya sa nas za ta tashe ki tafiya tun washegari ko kina kuka, kada ki ji haushinta. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara yi miki wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko tsakar dare ne asibiti za a nufa, ba waya ba. Saboda wannan ne ma ban son zancen zuwa wata ƙasa a yi aikin a hau jirgi bayan kwana biyar. Doguwar zama a jirgi da sabon ɗinki haɗari ne, kuma in ɗinkin ya buɗe ko ya yi ruwa, wanda ya yi shi yana can bayan teku.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A auna jininki, hawan jini, suga, a san ko kina da ƙarancin jini. Ki tattara duk abin da kike sha a leda ɗaya ki kai wa likitan allurar barci: ƙwayar tsarin iyali, wadda irin mai sinadarin istrojin ake dakatarwa kamar mako huɗu kafin babbar tiyata don tana ƙara daskarar jini; asfirin da ibuprofen, masu hana jini tsayawa; jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƙarin kuzari; har allurar rage ƙiba in kina yi, don tana sa abinci ya daɗe a ciki, mutum ya yi amai yana cikin barcin allura ya shaƙe. Kada kunya ta sa ki ɓoye ko ɗaya. Na taɓa ganin matar da ta rantse ba ta shan komai, ashe shisha take busawa kullum. Kwana biyar bayan aiki gefen fatarta ya yi baƙi ƙirin kamar gawayi, sai da aka sake yankewa. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba da shisha, yana tsuke ƙananan jijiyoyin da fatar da aka ɗaga ta dogara da su. Aƙalla mako huɗu kafin aiki da huɗu bayansa, ko hayaƙin wani ki guje shi. In kuma kina da niyyar ƙara haihuwa, ki jira, ciki ɗaya zai iya warware aikin. Ba kuma hanyar rage ƙiba ba ce. Sai nauyinki ya tsaya wuri ɗaya na watanni.

Batun likita. Ki binciki sunansa a rajistar hukumar likitoci, ki tabbatar ƙwararre ne a wannan fannin, ba wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki ba. Ki tambaye shi a ina zai yi aikin, wa zai sa ki barci, akwai jini a ajiye, akwai sashen kulawa ta musamman, sau nawa aikinsa ya samu matsala kuma me ya yi. Wanda ya ce bai taɓa samun matsala ba, ki ɗauki jakarki. Wanda ya ce ki biya yau akwai rangwame, araha ba ta ado. A Birtaniya ana shawartar likitoci su ba mutum aƙalla mako biyu ya yi tunani bayan ganawar farko. Ni likitan da nake so miki shi ne wanda zai iya kallon ki ya ce a'a. Donda West, mahaifiyar mawaƙi Kanye West, ta rasu a 2007 kwana ɗaya bayan an haɗa mata ayyuka da yawa lokaci guda, ashe akwai ciwon zuciya a jikinta. Bayanta ne Kalifoniya ta yi doka a 2009 cewa sai an duba lafiyar mutum kafin tiyatar kwalliya.

In an ce miki tunda za a zuƙe kitse gara a mayar da shi mazaunai, ki ce ba kya so. Kitsen kan shiga babbar jijiya ya wuce huhu, mace ta mutu a kan gadon. Har sai da ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya ta nemi 'ya'yanta su dakatar da wannan aikin a 2018. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Saura tambaya ɗaya, kuma ba sai kin ba ni amsa ba. A saƙonki kin rubuta "ko ya daina kallona haka". Wa? In fatar ce ke damun ki, tana gumi tana saɓulewa a ƙasan ninkin, tufa ba ta zama, wuƙa tana maganin wannan. In maganar wani ce, na ga mata da yawa sun farka da shafaffen ciki, maganar tana nan inda suka bar ta.

Ki sanar da ni ranar ganin likitan, tare za mu je, zan zauna daga gefe in yi shiru gwargwadon iyawata. In an tsayar da rana kuma, ki gyara mini ɗakin yara, mako uku zan yi. Ki shafa mini kan autar.

Ummanki